Cinikin Magani: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

 Wannan mako za mu jingine maganar haraji da ta zaɓe, mu ɗauko wata wadda masu mulki su ke cewa ta fi ƙarfin kan talaka. Ita ce maganar tarayyar da a ke ƙullawa tsakanin manyan kamfanonin magani, da jami'o'i, da waɗansu ƙananan kamfanoni masu binciken ƙwayoyin halitta, don a gano sababbin magunguna. Irin wannan tarayya mu kan ji labarinta a rediyo. An sa hannu, an yi musafaha, minista ya yi jawabi, an watse. Abin da ke cikin takardar kuwa ba a karanta mana. In ka tambaya sai a ce maka ai sha'anin ilmi mai zurfi ne, ba ruwan ɗan kasuwa.

To, mu ba mu yarda ba. Ilmin yana can ɗakin gwaji, amma abin da ke cikin takarda ciniki ne tsantsa: wa ya kawo jari, wa ya sha wahala, wa zai yanka farashi, wa zai kwashi riba. Ciniki kuwa ba wanda zai koya wa mutumin Kurmi, ko na Sabon Gari, ko na Dawanau. Saboda haka ku matso mu buɗe takardar tare.

YADDA TARAYYAR TA KE

Duk wanda ya ji labarin cinikin gyaɗa daga bakin kakansa zai gane wannan al'amari nan da nan. A wancan zamani manomi ke noma, ɗan baranda ya tare shi a hanya ya saya, ya kai wa kamfani mai sikeli, a tara buhuna a aika ƙetare. Na magani ma kusan haka ya ke.

Jami'a ita ce manomin. Malamanta kan yi shekara da shekaru suna bincike, kuɗin aikin kuwa yawanci na gwamnati ne, watau harajin talakawan ƙasarsu, ko kuwa na ƙungiyoyin agaji. In suka gano wani abu mai alamar amfani, sai jami'a ta yi rajistarsa, a ba ta takardar mallaka wadda ta hana kowa yin irinsa ba tare da izini ba har shekara 20. A Amurka tun 1980 aka yi wata doka mai suna Bayh-Dole, wadda ta yardar wa jami'o'i su mallaki abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su kuma sayar da lasisinsa ga kamfani.

Ƙaramin kamfani shi ne ɗan barandan. Sau da yawa ma malaman jami'ar ne da kansu kan kafa shi, masu kuɗi su zuba jari. Shi zai ɗauko abin daga ɗakin gwaji, ya gwada shi a kan dabbobi, sa'an nan a kan mutane ƙalilan. Babban kamfani kuwa shi ne mai sikeli. Shi ke da kuɗin gwaji a kan dubban mutane, shi ke da masana'anta, da lauyoyi, da 'yan talla. Ya saye ƙaramin, ko ya yi tarayya da shi, ya riƙa biyan jami'a la'ada a kan abin da ya sayar. Shi ne kuma ke yanka farashi.

Ba mu ce wannan laifi ne ba, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wadda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba 2024, ta irin wannan hanya ta zo. Jami'ar Oxford ta Ingila ce ta ƙirƙire ta, kamfanin Novavax na Amurka ya ba da sinadarin da ke ƙara mata ƙarfi, kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa ta. Mu da ƙasarmu ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya duka, ba za mu raina irin wannan aiki ba.

Amma ku sake duba lissafin. An ambaci abokan tarayya uku, alhali kuwa akwai na huɗu. Allurar nan a jikin wa aka gwada ta? A jikin yaran Burkina Faso, da Mali, da Kenya, da Tanzaniya, 'ya'yan talakawa irinmu. Talaka shi ke biyan harajin da ke riƙe da jami'a. Shi ke miƙa ɗansa a gwada magani. Wani lokaci ma ganyen da saiwar daga wurin kakanninsa aka ji labarinsu. In magani ya fito, shi ke sayar da akuya ya saya. Ya zuba jari ta hanya huɗu, amma in aka zo rubuta takarda ba a kiransa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu da aikinmu rubuta takardu ne a ofishin jam'iyya mun san abu guda: abin da ba a rubuta tun farko ba, ranar rabo ba a tunawa da shi. Za mu ba ku labari biyu a kan cuta guda, ku yi hukunci da kanku.

KANO, 1996

Dattawanmu ba su manta da bazarar 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya auka wa Arewa. A ƙasashen Afirka da cutar ta ratsa, tsakanin 1996 da 1997, mutum fiye da 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ana cikin wannan masifa, zamanin mulkin soja, sai kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da ma'aikatansa Asibitin Zana na Kano, watau IDH, da wani sabon magani mai suna Trovan wanda ba a riga an yarda da shi ba. Da taimakon waɗansu likitocin gida aka ɗebi yara 200. Aka ba wajen rabinsu Trovan, sauran aka ba su wani magani sananne don a gwada wanda ya fi. Yara 11 suka rasu, 5 cikin masu Trovan, 6 cikin ɗaya rukunin. Waɗansu suka tashi kurame, waɗansu da shanyewar jiki.

Za mu faɗi gaskiya ko da ta kamfani ce. Pfizer ya ce cutar ce ta kashe yaran, ba maganinsa ba, ya ce kuma an nemi yardar iyaye da baki. Lalle sanƙarau da kansa yana kisa, yana kuma kurmantarwa. Amma iyayen sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi. Daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewa ta kwamitin asibitin koyarwa, wadda ya kamata a samu kafin a taɓa yaro ko guda, an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata kwanan wata na baya. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa doka, amma aka danne rahoton, bai fito fili ba sai 2006, shi ma ta hannun wata jaridar Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon nan kuwa namu ne.

Shi Trovan, an yarda a sayar wa manya da shi a Amurka a ƙarshen 1997, amma cikin 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lahanta hanta, Turai kuwa ta dakatar da shi. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 don waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 don ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai watan Agusta 2011, kowanne dala 175,000. Shekara 15 ke nan, jama'a. Yaron da aka goyo zuwa asibiti, da ya rayu, da ya isa riƙe rumfa.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane su ke kafa hujja da shi. Kafin a koma yi a tsakiyar 2004 cutar ta bazu, ta ƙetara har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba su cikin takardar sulhu, ba kuwa wanda ya biya su ko kwabo.

DA AKA YI TAYI TUN FARKO

Ga labari na biyu. Bayan waccan annoba shugabannin lafiya na ƙasashen Afirka suka nemi a samo rigakafi mai ɗorewa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa shirin yin allurar sanƙarau, gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70. Kafin a taɓa kwalba ko guda sai aka zagaya aka tambayi masu saye, har da jami'an lafiya na Jamhuriyar Nijar: nawa za ku iya biya? Suka ce kada allura guda ta wuce rabin dala, don maganin da ba ka iya saye da shi da babu duk ɗaya. Aka riƙe wannan ya zama sharaɗi.

Manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ce albarka. Ba a bi su ana roƙo ba, aka nufi wata rumfa. Wani kamfani a Holan ya ba da ɗaya daga cikin sinadaran. Masanan hukumar kula da magunguna ta gwamnatin Amurka suka ba da dabarar haɗawa. Kamfanin Serum na birnin Pune a Indiya ya yarda zai yi a kan farashin da aka yanka. Aka gwada allurar a Indiya, da Mali, da Gambiya, da Senegal, da Ghana, bisa ƙa'ida. A watan Disamba 2010 aka fara yin ta, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a ƙarshen 2011. Aka yi wa mutum fiye da miliyan 300. Irin sanƙarau da a ke kira A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kusa zama labari a ƙasashenmu.

Da wani iri mai suna C ya taso a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, ya kashe mutum fiye da 1,000, sai ya tarar PATH da Serum sun riga sun kama aikin wata allura mai maganin iri biyar. Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da ita, a 2024.

To, jama'a, cuta guda ce, yara iri guda ne. A nan ma akwai kamfani, kamfanin kuma bai faɗi ba, ya sami ribarsa. Me ya bambanta? A na farko baƙo ya shigo ya tarar gida ba mai gadi. A na biyu masu gida sun yi tayi kafin a ɗaure kaya, aka rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

IN BA A RUBUTA FARASHI BA

Kuna so ku ga abin da kan faru in an bar mai sikeli shi kaɗai ya yanka farashi? Ku dubi amosanin jini, watau sikila. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu wannan ciwo, an ƙiyasta wajen jarirai 150,000 kowace shekara. A 2012 waɗansu malaman jami'a, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka bayyana wata dabara ta gyara ƙwayar gado, har aka ba su lambar Nobel a 2020. Daga wannan dabara ƙaramin kamfani mai suna CRISPR Therapeutics da babba mai suna Vertex suka yi tarayya, suka fito da wani magani, Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka yarda da shi a ƙarshen 2023. Farashin da aka yanka masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Ku tara jarin layinku duka a kasuwa, ku ga ko zai warkar da yaro ɗaya.

Ko a nan gida mun taɓa riƙe tsuntsu a hannu ya tashi. Cibiyar binciken magunguna ta gwamnati da ke Abuja, NIPRD, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta yi yarjejeniya da wani limamin coci mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, a kan wani haɗi na rage wa masu sikila tashin ciwo. Cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari, abin da ke cikin rumfar kowane mai kayan yaji. Aka sa masa suna Niprisan, aka yi rajistarsa har a Amurka a 1998, aka kuma rubuta sunan mai ganyen cikin masu shi. Wannan abin yabo ne. Amma a 2002 aka ɗauki lasisin kacokan aka ba kamfani guda ɗaya, Xechem na Amurka. Aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006. Cikin 2008 kamfanin ya karye, a 2009 aka ƙwace lasisin, masu ciwo suka yi ta yawon neman magani babu. Sai a 2018 aka sake ƙulla yarjejeniya da May & Baker na Nijeriya. Ko mai tallan goro ya san ba a ba dillali guda kayanka duka, ba jingina, ba wa'adi.

Kada kuma ku ce talaka ba shi da ikon sake abin da manya suka riga suka rubuta. A da, Jami'ar Yale ta Amurka ce ke da mallakar wani maganin ƙanjamau mai suna stavudine, ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisinsa shi kaɗai, tana karɓar la'ada ta miliyoyin daloli, mutanen Afirka ta Kudu kuwa suna mutuwa don ba su iya saye. A 2001 ɗaliban jami'ar da ƙungiyar likitoci ta MSF suka tashi tsaye, suka kunyata jami'ar a idon duniya. Ba a yi wata biyu ba kamfanin ya sauke farashi da fiye da kashi 90 cikin 100 a can, ya kuma daina hana waɗansu yin irinsa. 'Yan makaranta ne fa suka yi wannan, ba su da bindiga, ba su da kujera a majalisa.

ABIN DA ZA A CE MANA

Mun san amsar kamfanoni. Za su ce bincike na cin kuɗi, kuma cikin magunguna goma da a ke fara gwadawa a jikin mutum wajen tara ba su kai kasuwa, saboda haka guda ɗayan da ya tsira shi zai biya hasarar sauran. Wannan gaskiya ce, ɗan kasuwa ba zai musa ba. Wanda ya sari tumatir ya san wani kwando kan ruɓe a hanya. Ba mu ce kowa ya yi aikin banza ba. Amma in za a lissafa hasarar kamfani, to, a lissafa ta kowa. A sa harajin da ya riƙe jami'a shekara ashirin kafin kamfani ya leƙo. A sa uwar da ta kwana asibiti da ɗanta ana ɗibar jininsa. In kowa ya zuba, me ya sa mutum guda ke riƙe da sikeli, shi ke karanta awo, shi kuma ke ƙirga kuɗi?

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu cewa a kori kowane mai gwaji, a ƙi kowace allura. Mun san inda wannan fushi ya fito, ba mu kuwa raina shi ba. Amma mun gwada wannan hanya a 2003, 'ya'yanmu ne suka biya. Maganin da ba a gwada a jikin irinmu ba, ta yaya za a san yadda zai yi mana? Wanda aka cuta a ciniki ba ya ƙaurace wa kasuwa. Gobe ya kan dawo da mudunsa, da shaidunsa.

LAIFIN NA GIDA

Yanzu bari mu juyo kan masu mulkinmu, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Wanda ba shi da abin kansa ba ya iya cewa albarka. A Yaba ta Ikko gwamnati tana da wurin yin allurar rigakafi tun kafin samun mulkin kai, ana yin ta agana, da ta shawara, da ta cizon mahaukacin kare. A 1991 aka rufe shi wai za a gyara, gyaran da ya cinye shekaru fiye da 30. Amma a Vom ta Filato, cibiyar da aka kafa tun 1924 tana yi wa shanu da kaji allura. Kai, jama'a! Ƙasar da ta iya yi wa saniya rigakafi, ta kasa yi wa jariri?

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alkawarin ba sha'anin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A gidanmu aka yi alkawarin, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Da annobar korona ta zo muka ga sakamako. Jami'ar Oxford ta ba AstraZeneca lasisin allurarta a 2020, bisa sharaɗin ba riba muddin ana annoba, wannan kuwa ya taimaka. Amma masana'anta ba a hannunmu ta ke ba. Kason farko, kusan miliyan 4, bai iso mu ba sai watan Maris 2021, daga Indiya. Da cutar ta tsananta a can sai Indiya ta tsayar da fitarwa, muka zauna jiran sadaka. Sadakar da ta zo wata ta kusa lalacewa, har a watan Disamba 2021 gwamnati ta lalata allura fiye da miliyan 1 a Abuja. Mai roƙo ba ya zaɓen tuwo.

Malamin jami'armu wanda ba wuta a ɗakin gwajinsa, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, in baƙo ya zo masa da takarda da dala, da wane ƙarfi zai ce a gyara sharaɗi na kaza? Zai sa hannu ne, a ɗebi jinin mutanenmu a kai ƙetare, a rubuta sunansa can ƙarshen layi. Masu mulkin da suka bar shi da yunwa su suka sayar da mu tun baƙon bai sauka ba.

ABIN DA MU KE NEMA

Ba mu zo da kuka kaɗai ba. Ga abin da jam'iyyarmu ke nema, muna kuma so kowane ɗan takara da ya zo rumfarku neman ƙuri'a ku tambaye shi matsayinsa a kai.

Na ɗaya, duk yarjejeniyar bincike da wata jami'a ko asibitin gwamnati ya ƙulla da kamfanin magani, a buga sharuɗɗanta a fili, a fassara su da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Dukiyar jama'a ba a cinikinta a ɗaka.

Na biyu, duk maganin da aka gwada a jikin mutanenmu, a rubuta tun farko cewa in ya yi kyau za a sayar mana da shi a farashin da za mu iya, a kuma faɗi farashin ko yadda za a lissafa shi.

Na uku, kada a taɓa kowa sai an yi masa bayani da harshensa, a gaban shaidar da ya yarda da ita, an gaya masa gwaji ne, an gaya masa in ya ƙi ba za a hana shi magani ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ƙa'idodin kwamitin kula da bincike na ƙasa sun tanadi neman yarda. Muna so a ga aikinsu a ƙauye, a kuma sa talakawa, mata da maza, cikin kwamitocin asibitoci masu ba da izini.

Na huɗu, kamfani ya ajiye kuɗin diyya a hannun amintacce kafin ya fara gwaji, kada wata uwa ta sake jiran shekara 15.

Na biyar, abin da aka gano da kuɗin jama'a kada a ba kamfani guda shi kaɗai ba wa'adi. In ya kasa fito da magani cikin lokacin da aka yanka, lasisi ya dawo gida. Mai ganye kuma, in daga wurinsa aka samo, a rubuta rabonsa.

Na shida, a cika alkawarin Abuja, a biya malaman jami'a, a tayar da wurin yin allura na ƙasa, don mu ma mu je kasuwa da kayanmu.

'Yan'uwa, kafin waɗannan su tabbata akwai abin da ke hannunku tun yau. In an zo unguwarku da allurar rigakafin da hukuma ta riga ta yarda da ita, ku fito da yara, don rigakafi ya fi magani. In kuwa an ce sabon magani ne za a gwada, kada ku gudu, kada kuma ku dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta muku ba. Ku tambaya: wa ya aiko ku, wa ya ba ku izini, in yaro ya sami lahani wa zai biya, in magani ya yi kyau nawa za ku sayar mana? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. Wanda ya kasa amsawa, ku kawo mana labarinsa ofishin jam'iyya, mu rubuta, mu bi sawu.

Ku kai wannan magana taron ƙungiyar kasuwarku, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya jiƙan yaran 1996, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba masu ciwo lafiya, mu kuma ya ba mu sawaba. Amin.